Dalar Shinkafa da Jingar Zauro

Garin Zauro yana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, a bakin fadamar Rima, kuma sau biyu manyan ƙasar nan suka yi dafifi a cikinsa saboda shinkafa. Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka sani da Anchor Borrowers. A watan Maris na 2021 kuma gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, da gwamnan jihar, Atiku Bagudu, suka tsaya gaban buhunan shinkafa da aka jera aka yi dala da su, aka ce Najeriya ta kama hanyar ciyar da kanta. Akwai abu na uku mai ɗauke da sunan garin, wanda ya girme waɗannan biyun nesa ba kusa ba, wato aikin jinga da ban-ruwa na Zauro. Tun 1969 aka tsara shi, don a kare hekta fiye da 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi daga ambaliya, a kuma ba su ruwa da rani. A farkon shekarun 1980 aka yi na gwaji mai hekta 100. Babban aikin kuwa har yau yana kan takarda.

Wanda ke son ya fahimci tattalin arzikin ƙasa irin tamu, wadda mafi yawan gidajenta suka dogara da gona, to ya jera waɗannan abubuwa uku ya dube su da kyau. Rance ya samu cikin wata shida da hawan sabuwar gwamnati. Dala ta tashi cikin 'yan kwanaki. Jinga ta fi shekara hamsin tana jira. A ganina ba haka kawai abin ya faru ba. Asalinsa yana ga inda gwamnati ke samun kuɗinta da inda talaka ke samun nasa.

Masana ƙididdiga suna kasa arzikin ƙasa gida uku. Akwai noma, har da kiwo da su. Akwai masana'antu, har da haƙar ma'adinai da gine-gine. Sai hidimomi, wato kasuwanci da sufuri da sadarwa da bankuna da aikin gwamnati. A lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, noma yana kawo kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Najeriya ke samarwa a shekara, hidimomi sun haura rabi, sarrafa kaya a masana'anta kuma yana wajen kashi goma cikin ɗari. Ɗanyen man da muke ta jin sunansa bai cika kashi goma ba. Amma shi ke kawo mafi yawan kuɗin waje, kuma shekara da shekaru shi ne ginshiƙin abin da ake rabawa a Abuja kowane ƙarshen wata.

Nan gizo ke saƙar. Jama'a suna ci daga gona, gwamnati tana ci daga rijiyar mai. Jihar Kebbi, tun da aka cire ta daga Sakkwato a 1991, tana cikin jihohin da kuɗin shigarsu na cikin gida ya fi ƙaranci. Albashi da hanyoyi da asibitoci duk kason tarayya ne ke ɗauke da su. Ma'anar wannan a bayyane take. In ruwa ya cinye fadama daga Augie har Bunza, kason wata zai iso kamar yadda ya saba. In kaka ta yi kyau har rumbuna suka cika, baitulmalin jiha ba zai ji wani bambanci mai yawa ba. Abin da ya biyo bayan 29 ga Mayu, 2023 ya nuna haka ƙuru-ƙuru. Da aka janye tallafin mai, kuɗin da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai, a daidai lokacin da litar fetur ɗin da manomin rani ke zubawa a inji ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mataki guda ya cika aljihun hukuma ya kuma ƙwaƙule na manomi. A binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2022, fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Kebbi sun faɗa cikin matalauta, alhali jihar ce ake kafa misali da ita in ana maganar shinkafa.

Da ba haka abin yake ba. Zamanin En'e, haraji da jangali ne ke riƙe da hukuma, gwamnatin Jihar Arewa kuma tana tara rara daga hukumar sayen gyada da auduga. Ba na kewar wannan zamani, domin an tatsi manomi tatsa mai tsanani, ana sayen kayansa da araha a sayar waje da tsada, kuma ba a banza talakawa suka yi murna ba da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna. Amma akwai abu ɗaya da ba za a musa ba: hukumar wancan lokaci ta san in gona ta mutu ita ma ta mutu. Shi ya sa ta damu da malaman gona da irin shuka da jirgin ƙasa mai kwasar gyada, kuma da kuɗin manomi aka kafa masaƙar Kaduna a 1957. Da mai ya bunƙasa a shekarun 1970 sai wannan alaƙa ta yanke. Daga nan noma ya koma abin da ake yi wa shiri mai suna: Ciyar da Ƙasa a 1976 zamanin Obasanjo, Juyin Noma a 1980 zamanin Shagari, da sauran da suka biyo baya. Kowanne ya zo da gangami, kowanne ya tafi da wanda ya kawo shi.

To, duk da haka fadamar Rima ta canza, kuma ya kamata a faɗi wanda ya canza ta. Kakannin Kabawa sun daɗe suna noman shinkafar gargajiya mai bin ruwa, wadda take tsawo gwargwadon yadda ambaliya ke hawa, ana girbe ta sau ɗaya a shekara. Abin da ya buɗe noman rani shi ne rijiyar bututu da ƙaramin injin ban-ruwa, waɗanda suka yaɗu da taimakon shirin Fadama na Bankin Duniya daga farkon shekarun 1990, daga baya kuma mutane suka ci gaba da saye da kuɗinsu. Ruwan ƙasa a wannan fadama ba shi da nisa. Matasa kaɗan da bututu da ƙarfin damtse sun isa su haƙa rijiya.

Ka shiga fadama a watan Janairu ko Fabrairu, kafin ka ga komai ƙarar injina za ta fara tarbar ka. Ga magidanci ya ɗauro injinsa a bayan babur tun da asuba, da jarkar fetur da mesa a naɗe, domin ba ya iya barin su su kwana a gona. Ya haɗa bututu, ya ɗura ruwa, ya ja igiya, sannan ya bi fangali-fangali da fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan. An riga an yi dashe, yawanci irin da ake kira Sipi, wanda ke nuna cikin kusan wata huɗu. A cikin watannin nan ba shi da ikon ya ce yau babu kuɗin mai, domin kwana kaɗan in ƙasa ta tsage, aikin baya duk ya tashi a banza. Ga taki sau biyu ko uku, ga maganin ciyawa, ga kuɗin 'yan ƙwadago. In ta fara fitar da kai sai jan-baki su sauko, yara su wuni suna ihu da kaɗa gwangwani. Wajen Afrilu da Mayu a yanke da lauje, a shimfiɗa tamfol, a riƙa buga dami a jikin ganga, mata su sheƙe. Kafin buhu na farko ya hau amalanke, mai bashin taki da mai bashin fetur sun riga sun san adadin da za su ɗauka.

Wannan mutum shi ya gina wa kansa aikin ban-ruwan da hukuma ta kasa ginawa. Sai dai nasa a kan fetur yake tsaye, kuma ba shi da wata kariya daga kogi. Da rani yana sayen ruwa da tsada, da damina ruwa ya zo masa kyauta fiye da kima ya tafi da komai.

A kan irin wannan manomi aka ɗora shirin rancen 2015. Tsarinsa a takarda mai kyau ne: a haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya, a ba su iri da taki da magani da inji a matsayin bashi mai ruwan kashi 9 cikin ɗari, in sun girbe su biya da shinkafa ta hannun kamfanin casa da ya tsaya musu. Fiye da manoma 70,000 aka fara da su a Kebbi. Zalunci ne a ce shirin bai yi komai ba. Filayen da suka daɗe a kwance an nome su, matasan da suka saba tafiya ci-rani da yawa sun zauna gida, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa sun shiga noman rani, an yi aure an yi gini an je Makka da kuɗin shinkafa. Hana masu shigo da shinkafa dalar Babban Banki tun watan Yuni na 2015, da rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sun ɗaga farashi yadda manomi ya ga riba.

Amma bashin bai dawo yadda aka zata ba. An fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, ya ɗan haura rabi. Ko wanne aka ɗauka, giɓin babba ne. Dalilan da ake bayarwa sanannu ne, kuma akwai gaskiya a cikinsu: kayan aiki sukan iso bayan lokacin shuka ya wuce, sunayen waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sun shiga jerin manoma, wasu kuma sun ɗauki abin a matsayin rabonsu daga dukiyar ƙasa, musamman da yake da hannun 'yan siyasa ya iso. Akwai dalilin da ba a cika tsayawa a kansa ba, kuma a wajena shi ne babba. A ƙarshen damina ta 2020 kogunan Rima da Neja suka cika suka batse, rahotannin lokacin suka ce wajen hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya shanye a Kebbi kaɗai. Wanda gonarsa ta kwana mako biyu a ƙarƙashin ruwa, da me zai biya? Ko ya fi kowa gaskiya, babu abin da zai kai. An ba da rance a kan gonar da ba a kare ba, wata shida bayan wannan ambaliya kuma aka tara dala a Zauro. Da sabon gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, ya hau a 2023, ya ce bankin zai janye daga irin waɗannan shirye-shirye, sai shirin ya tsaya. Rance dama na shekara ɗaya ne, a ci a sake nema. Jinga da magudanar ruwa kuwa jikoki ma za su gada.

Kada a ɗauka ina cewa a tashi gobe a kawo katafila a gina aikin Zauro yadda aka zana shi a 1969. Mutanen wannan kwari suna da dalilin jin tsoron manyan ayyukan ruwa. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an kammala madatsar ruwa a 1978, aka karɓe gonakin mutane, diyya ta zo da rikici, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike da dama sun ce ɗaruruwa ne. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma ambaliyar da suke noman shinkafa da kamun kifi da ita ta ragu, ba wanda ya tambaye su. Madatsar Goronyo ita ma mutanen Sakkwato da Kebbi ba su manta da ambaliyarta ta Satumba 2010 ba. Don haka da manoman yankin Argungu suka nuna adawa lokacin da aka sake ɗauko batun Zauro, ba jahilci ne ya sa su ba. Sun tambayi abin da ya kamata a tambaya: gonar da na gada, in an daidaita ƙasa an sake yankawa, hannun wa za ta koma?

Kuma fadama ba ta mai shinkafa ba ce shi kaɗai. Kifi a cikin ruwan da ya malala kan fadama yake hayayyafa, in aka killace ko'ina da jinga, Sarkawa da sauran masunta su ne za su fara ji a jikinsu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya dogara ne da ruwa da kifin kogin Matan Fada. Bafulatani ma da rani nan yake sauko da shanunsa, kuma duk hektar da noman rani ya ci, makiyaya ce da mashaya suka ragu. A lissafin Abuja su da kiwo da noma layi ɗaya ne. A bakin kogi kuwa mutum uku ne ke neman ruwa ɗaya, kowanne da lokacin da yake son sa. Aikin hukuma ke nan na asali, ta zauna da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo a fitar da inda za a kare, da inda za a bar wa ruwa ya malala, da burtalin da ba za a taɓa ba. Wannan zama yana cin shekaru, ba ya kuma ba da hoton da za a buga a jarida, shi ya sa gwamnatin da ba ta ci daga fadama take ɗage shi.

Ɓangaren masana'antu a Kebbi kusan duk ɗan shinkafa ne. Akwai kamfanin Labana a Birnin Kebbi, akwai na WACOT a Argungu wanda Yemi Osinbajo ya buɗe a watan Agusta na 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa, mai iya cashe tan 120,000 a shekara a lokacin. A Ngaski kuma akwai kamfanin sarrafa tumatir na GBfoods. Waɗannan ci gaba ne na gaske, domin a da shanshera ake lodawa a kai Kano da wasu wurare, ribar casa ta tafi can. Amma tun kafin su zo akwai masana'antar da ba ta shiga lissafi sosai, wato matan da ke gumi a cikin gidaje. Mace ta sayi buhu ɗaya ko biyu ranar kasuwa, ta jiƙa ta kwana, ta turara a rabin ganga da itace, ta shanya a tsakar gida tana kora kaji, ta kai inji a cashe, ta tsince tsakuwa, ta auna da kwano ta sayar. Da wannan ake sayen kayan ɗaki da littafin makaranta da magani. Abin da take bukata kaɗan ne: tukunyar turara mai cin itace kaɗan, dandamalin shanya na siminti, injin cire tsakuwa a unguwa, da jarin da zai kai ta ta sayi shanshera da kaka lokacin da take araha. Da kaso kaɗan na tiriliyan ɗin nan ya bi ta hannun waɗannan mata, ina da yaƙinin da an ga inda ya shiga.

Babba da ƙarami, duk mai casa abu biyu ke karya shi: wuta da sauyin manufa. Layin lantarkin da ke kai wuta Yamai daga Kainji ta Birnin Kebbi yake bi, amma masu injina a garin da dizal suke yawan aiki. Manufa kuwa ba ta kwana biyu wuri ɗaya. A Disamba 2016 Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice, buhu mai kilo 50 a naira 12,000, aka yi ta yabo, bayan 'yan shekaru ta ɓace daga kasuwa. A Oktoba 2023 aka ɗage hanin dala ga masu shigo da shinkafa. Da buhu ya kusa naira 100,000 a 2024, jama'ar birane suka kasa, sai a watan Yuli gwamnati ta ba da sanarwar dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafar da ba a gama cashewa ba, na kwana 150. Farashi ya sauko, mai saye ya samu sauƙi, wannan kuma abin so ne, domin shi ma manomin yana sayen abinci. Amma wanda ya noma da fetur na naira 1,000 da taki mai tsada sai ya tarar da kasuwar shanshera ta faɗi a ƙarƙashinsa. Ba wanda ya gaya masa tun kafin ya yi dashe. Mai kamfani ma da ya ci bashi ya kafa inji bisa alkawarin cewa an daina shigo da ta waje, ya rasa wanda zai kama.

Rufe iyaka da buɗe ta duk magani ne na ɗan lokaci, domin ciwon yana cikin tsadar noman. Matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a Najeriya yana wajen tan biyu, a Biyetnam kuwa ya kusa shida. Muddin shinkafar Indiya da Tailan za ta ƙetare teku ta sauka Kwatano, ta biyo hanya har Kamba, ta kuma fi ta Zauro araha, to babu yawan jami'an kwastan da zai tare ta. Ƙasar da ta fi kama da mu a wannan fage ita ce Bangaladash, ƙasar fadama da ambaliya da ƙananan gonaki. A ƙarshen shekarun 1980 ta sassauta shigo da ƙananan injinan ban-ruwa, manoma suka cika ƙasar da rijiyoyin bututu, har shinkafar rani ta zama fiye da rabin abin da suke girbewa. Mu ma mun yi rabin wannan tafiya. Abin da suka ɗora a kai shi ne binciken iri da ba ya yankewa, da wutar lantarki a karkara, da hanyoyin ƙauye, da gargaɗin ambaliya, sannan masaƙun tufafi suka kwashi 'ya'yan manoma aiki. Arahar abinci ce ta sa albashin masana'anta ya iya riƙe ma'aikaci. Babu ƙasar da ta tsallake wannan mataki, in ban da masu man da ya fi ƙarfin yawan jama'arsu, mu kuwa mun haura miliyan 200.

Hidimomin da aka ce sun haura rabin arzikin ƙasa, a Legas da Abuja suna nufin bankuna da kamfanonin waya da gidajen haya. A Birnin Kebbi da Argungu suna nufin ɗan kabu-kabu, da dillalin hatsi, da ɗan dako, da mai gyaran injin ban-ruwa, da yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS. Dukkansu da kaka suke samu, in fadama ta yi asara su ma sun yi. Cinikin iyaka kuma, wanda shi ne sauran numfashin jihar, an ga yadda ya tsaya cik bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Zinaren Yawuri ana haƙarsa, amma ramuka ne na hannu da ke cin rayukan matasa, abin da ke shiga baitulmali kuma kaɗan ne. A kan duk wannan ga matsalar tsaro. Harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai garin Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamba 2024, wanda ya taso daga korar shanu, ya nuna cewa abin ya iso bakin wannan fadama. Gonar da ba a iya zuwa da asuba ba ta noman rani.

Abin da nake nema daga hukuma bai kai tiriliyan ba. Na farko, a sake nazarin aikin Zauro bisa yadda kogin yake a yau, bayan Bakolori da Goronyo da sauyin damina, a buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a fadar kowane hakimi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Kafin a taɓa ƙasa a rubuta gonar kowa da sunansa, a ba shi takarda a hannu. A gina jingar yanki-yanki, a fara da inda mutane suka yarda, waɗanda suka ƙi su ga sakamako da idonsu. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sanar da ranar da za ta saki ruwan Goronyo da yawansa ta rediyo da waya, da isasshen lokaci. Injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, waɗanda gwamnatin jiha ta fara rabawa, a mai da su kayan kasuwa da kowa zai iya saya ya biya a hankali, da makanikai da kayan gyara a kowace kasuwa, domin rabo ba ya kai wa ga kowa. Duk wani sauyi kan shigo da shinkafa kuma a faɗe shi kafin lokacin dashe. Atiku Bagudu, wanda ya yi shekara takwas yana gwamnan wannan jiha, shi aka ba ma'aikatar kasafi da tsare-tsaren tattalin arziki a 2023, don haka ba za a ce Abuja ba ta san hanyar Zauro ba.

Akwai kuma abu na ƙarshe da na san ba zai yi wa kowa daɗi ba. In an gina jinga da magudana, manomi ya biya kuɗin ruwa, kaɗan, bayan girbi, kuɗin kuma ya zauna a asusun da ƙungiyar masu amfani da ruwan ke sa hannu tare da hukuma, a kashe shi wajen yashe magudana da gyaran jinga. Yanzu ma yana biya, har ya fi haka, sai dai gidan mai yake kai wa. In aka rubuta a doka cewa shekarar da ruwa bai iso fangali ba, ko jinga ta ɓalle, babu ko kwabo da za a karɓa, to injiniyan da ke Birnin Kebbi zai samu dalilin zagaya jingar tun watan Yuni, kafin kogi ya fara hawa.